Me ke ɓacewa idan aka fitar da juyin Fourier daga layi zuwa sarari?

“Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a fannin lissafi. Na fahimci juyin Fourier a kan layi, na kuma karanta ka'idojin Cauchy na fankishan ɗin holomofik. Mai duba aikina ya ba ni take a kan nazarin Fourier a fuskoki da yawa, ya ce sai na koyi kwataniyon da aljabarar Clifford. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ai juyin Fourier a fuska biyu ko uku maimaita na fuska ɗaya ne kawai, kwamfuta ma nan take take yin sa. To ina amfanin lambobin da a×b da b×a ba ɗaya ba ne a cikinsu? Dole ne, ko dai ado ne?”

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu. Rabin maganarka gaskiya ne tsantsa, kuma na ji daɗi da ka faɗe ta ba tare da jin nauyi ba: juyin Fourier shi kansa ba ya buƙatar wata sabuwar lamba kafin ya shiga fuska biyu, uku ko ɗari. Abin da ya kamata mu bi diddiginsa shi ne wani abu daban da kake da shi a kan layi, wanda watakila ba ka lura kana dogara da shi ba, wato dangantakar da ke tsakanin Fourier da Cauchy. Ita ce ke yankewa da zarar ka bar layi. Kwataniyon da aljabarar Clifford, wato tsarin lambobin da sauya jerin ninkawa ke iya sauya amsa a cikinsu, an kawo su ne don a sake ƙulla ta, kuma suna ƙulla ta, amma da farashi.

Abin da ke wucewa salin alin

Joseph Fourier ya miƙa aikinsa kan yaɗuwar zafi ga masana a birnin Paris a 1807, littafinsa ya fito a 1822, kuma tun a can yana magana a kan jiki mai tsawo da faɗi da kauri. A fuska n, abin da ake yi kawai shi ne a cire xξ a sa x₁ξ₁ + … + xₙξₙ a cikin igiyar nan e^(ix·ξ), inda ξ ke nufin firikwansi. Ka'idar Plancherel, wadda ta ce juyin ba ya canza jimlar ƙarfin sigina, tana nan, juyawa a dawo asali yana nan, dirabatif ta ɓangaren xⱼ yana komawa ninkawa da iξⱼ, ofaretan Laplace Δ kuma yana komawa ninkawa da −|ξ|². Tunda igiyar tana rabuwa zuwa ninkin igiyoyin fuska ɗaya-ɗaya, sai ka yi juyin a kan layukan hoto na kwance, ka sake yi a kan na tsaye, shi ke nan. Da dabarar FFT, wato hanyar lissafa juyin Fourier cikin sauri, da Cooley da Tukey suka yaɗa a 1965, wannan aikin ƙiftawar ido ne. Na'urar MRI ta asibiti a duniyar firikwansi take tattara bayananta, sannan ta juya su su zama hoto. Hoton JPEG da ke wayarka ana yanka shi gida-gida, takwas sau takwas, a yi wa kowane gida juyin kosain, ɗan'uwan juyin Fourier. Duk wannan babu kwataniyon ko ɗaya a ciki.

Abin da layi ke da shi

Ɗauki sigina f(t) mai lambobi na gaske. Firikwansinsa gida biyu ne, na sama da sifili da na ƙasa da sifili. Goge na ƙasa, ka ninka na sama sau biyu, ka juyo. Abin da zai fito shi ne f + iHf, inda H shi ne juyin Hilbert, wanda aikinsa ninkawa da −i·sgn(ξ); sgn(ξ) kuwa alamar ξ ce, +1 ko −1. Idan f = cos t, to Hf = sin t, sai ka samu e^(it). Dennis Gabor ya kawo wannan cikin injiniyancin sadarwa a 1946, domin daga f + iHf ne ake karanta ƙarfin sigina da matakin kaɗawarsa a kowane lokaci.

Ga kuma inda Cauchy ya shigo. Sa z = x + iy a madadin x. Igiyar ta zama e^(iξx) sau e^(−ξy). Idan ξ yana sama da sifili, tana lafawa yayin da y ke ƙaruwa. Idan yana ƙasa, tana tashi ba iyaka. Saboda haka fankishan ɗin da ba shi da firikwansi na ƙasa da sifili, shi ne daidai gefen wani fankishan holomofik, wato mai dirabatif ta z, da ke zaune a rabin fili na sama. Wannan shi ne tushen sararin Hardy, kuma ta wannan ƙofa ce Marcel Riesz ya tabbatar a shekarun 1920 cewa H ba ya wuce gona da iri a Lᵖ, wato tarin fankishan ɗin da intigiral ɗin |f|ᵖ nasu ke da iyaka, muddin p yana tsakanin 1 da mara iyaka. Hujjarsa ta jingina ne da cewa za ka iya ɗaga fankishan holomofik zuwa wani ƙarfi, ya ci gaba da zama holomofik. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Duk ginin nan a kan sgn(ξ) yake tsaye, wato ξ/|ξ|, wanda ko dai +1 ne ko −1. A kan titi, mota ko dai ta nufi gaba ko ta nufi baya. Ka sauke ta a tsakiyar fili, kalmar gaba ta rasa ma'ana sai ka nuna da hannu. A fuska biyu ξ kibiya ce mai iya fuskantar ko'ina a da'ira, babu wata ξ da za a ce tana sama da sifili.

Mutane sun gwada hanyoyi. Za ka iya yanke filin firikwansi gida biyu da layi, ka ce wannan ɓangaren shi ne na sama. Za ka iya yanke shi gida huɗu, ka yi juyin Hilbert ta x₁ sannan ta x₂. Wannan yana kai ka ga fankishan ɗin holomofik masu z₁ da z₂, fage mai zaman kansa kuma mai kyau, wanda tun 1906 Hartogs ya nuna yana da halaye da ba a san su a z ɗaya ba. Amma duka biyun sun fifita wasu kusurwoyi. Ka karkata hotonka da digiri 30, amsar da za ka samu ba za ta zama tsohuwar amsar a karkace ba. Ga mai nazarin zafi, ko wutar lantarki, ko hoton ƙashi, wannan aibi ne, domin abin da yake aunawa bai san inda ka ja layin x₁ ba.

Hanya ta uku ita ce a karɓi ξ/|ξ| yadda take, kibiya mai tsawon ɗaya. Kowane ɓangarenta yana ba da ofareta guda: Rⱼ, ninkawa da −iξⱼ/|ξ|. Waɗannan su ne juye-juyen Riesz, guda n, kuma idan ka juya sarari suna juyawa tare kamar bekta. Jimlar R₁² + … + Rₙ² tana ba da −1, kamar yadda H² yake ba da −1. A 1960 Elias Stein da Guido Weiss suka gina sararin Hardy a kansu: ka ɗauki f da R₁f har zuwa Rₙf, ka miƙar da su zuwa rabin sarari mai fuska n + 1, sai ka samu fankishan hamonik (waɗanda Δ ke mayarwa sifili) guda n + 1 da ke cika wasu sharuɗɗa da suka yi kama da na Cauchy da Riemann. Idan ka kira tarinsu F, sun nuna cewa |F|ᵖ yana zama sabhamonik, wato Δ ɗinsa ba ya sauka ƙasa da sifili, idan p ya kai (n − 1)/n. Sa n = 1 ka ga tsohuwar ka'ida ta fankishan holomofik ta dawo. Matsalar dai ita ce kana riƙe da abubuwa n + 1 a warwatse, alhali a kan layi abu guda ne, f + iHf.

Dalilin da ya sa a×b da b×a suka rabu

Nan nake so ka ɗauki biro. A filin z, ofaretan Cauchy da Riemann, ∂ₓ + i∂ᵧ, idan ka ninka shi da ∂ₓ − i∂ᵧ yana ba da Δ. Wato lissafin holomofik ya raba Laplace gida biyu. Muna neman irin wannan a sarari. Rubuta D = e₁∂₁ + e₂∂₂, inda e₁ da e₂ wasu abubuwa ne da ba mu san su ba tukuna, ka nemi D² = −Δ. Buɗe shi:

D² = e₁²∂₁² + e₂²∂₂² + (e₁e₂ + e₂e₁)∂₁∂₂

Dole e₁² = e₂² = −1, kuma dole e₁e₂ + e₂e₁ = 0, wato e₁e₂ = −e₂e₁. Da a ce e₁e₂ da e₂e₁ ɗaya ne, da ninkinsu ya zama sifili, wanda ba zai yiwu ba tunda kowannensu yana da kishiyar ninkawa. Abin da ka kira aibin waɗannan lambobi shi ne ke kashe kalmar tsakiya. Ba wanda ya zaɓe shi don sha'awa. Laplace ne ya tilasta shi.

Wannan dokar ita ce aljabarar da William Clifford ya wallafa a 1878, shekara guda kafin ya rasu yana ɗan shekara 33, inda ya haɗa tunanin Grassmann da na Hamilton. Da e guda ɗaya, ka samu lambobin a + bi da ka sani. Da guda biyu, ka samu 1, e₁, e₂, e₁e₂, waɗanda su ne 1, i, j, k, kwataniyon ɗin da Hamilton ya gano a ranar 16 ga Oktoba 1843 a bakin wata gada a Dublin. Da guda n, aljabarar tana da fuska 2ⁿ. Paul Dirac ya sake faɗawa kan wannan dabara a 1928 yana neman lissafin ilektaron, shi ya sa ake kiran D ofaretan Dirac. Rudolf Fueter a Zurich ya gina ka'idar fankishan a kan kwataniyon a shekarun 1930, Moisil da Teodorescu suka yi irinta a fuska uku a 1931, sannan Brackx da Delanghe da Sommen na jami'ar Ghent a Beljiyam suka tsara fagen gaba ɗaya a littafinsu na 1982. Fankishan ɗin da D, ko ∂₀ + D, ke mayarwa sifili ana ce masa monojenik.

Yanzu duba ribar a ɓangaren Fourier. Rubuta ξ = ξ₁e₁ + … + ξₙeₙ. Kalmomin tsakiya suna kashe juna, sai ξ² = −|ξ|². Don haka iξ/|ξ|, idan ka ninka shi da kansa, yana ba da 1; i ɗin nan shi ne na igiyar Fourier, ba ɗaya daga cikin eⱼ ba, kuma jeri ba ya damunsa wajen ninkawa da su. Ga sgn ɗinmu ya dawo. Abubuwa biyun nan, ½(1 + iξ/|ξ|) da ½(1 − iξ/|ξ|), kowanne idan ka ninka shi da kansa shi ne ke dawowa, ninkinsu da juna sifili ne, jimlarsu 1. Suna raba kowane fankishan na L² gida biyu: ɗaya gefen monojenik ne daga rabin sarari na sama, ɗaya daga na ƙasa. Juye-juyen Riesz guda n sun dunƙule sun zama e₁R₁ + … + eₙRₙ. Ƙwayar Cauchy 1/z, wadda ita ce z̄/|z|², ta zama x̄/|x|ⁿ⁺¹ a fuska n + 1, da ita kuma ake samun ka'idar intigiral ta Cauchy, da ta Liouville, da jerin Taylor da na Laurent. A ganina wannan lissafin na layi huɗu shi ne zuciyar taken da aka ba ka, kuma ban san wani wuri a fagen da ya fi shi kyau ba.

Farashin

Gwada mafi sauƙin fankishan, f(q) = q = x₀ + ix₁ + jx₂ + kx₃, da ofaretan Fueter ∂₀ + i∂₁ + j∂₂ + k∂₃. Za ka samu 1 + i² + j² + k² = −2. A filin z kuwa 1 + i² = 0. Ke nan q kansa ba monojenik ba ne, balle q². Ninkin monojenik biyu ma galibi ba monojenik ba ne. Ka tuna hujjar Marcel Riesz da na ce ka riƙe? Ta mutu a nan, tare da duk wata dabara da ta dogara da ɗaga fankishan zuwa ƙarfi, ko ɗaukar logaridim ɗinsa, ko cusa wani fankishan cikin wani. Tubalan ginin su ne irin su x₁ − x₀e₁, kuma sai an ninka su ta kowane jeri an haɗa kafin a samu folinomiyal monojenik.

Fueter ya samo wata gada mai ban sha'awa: ɗauki fankishan holomofik, sa q a madadin z, sannan ka yi masa Δ na fuska huɗu. Ga q³ za ka samu −12x₀ − 4(ix₁ + jx₂ + kx₃). Sa masa ofaretan: −12 + 12 = 0. Ina sa ɗalibaina su yi wannan a allo kafin su karanta hujjar, domin hannu yana koyon abin da ido ke tsallakewa. Michele Sce a 1957 da Tao Qian a 1997 sun faɗaɗa ka'idar zuwa sauran fuskoki.

Akwai sauran asara. Monojenik na hagu daban, na dama daban, domin eⱼ na iya zama a kowane gefe. Daga n = 3 abubuwa biyu da ba sifili ba suna iya ba da sifili: (e₁e₂e₃)² = 1, don haka (1 + e₁e₂e₃)(1 − e₁e₂e₃) = 0. Wannan ba abin mamaki ba ne, tunda Frobenius ya riga ya nuna cewa lambobi na gaske, da a + bi, da kwataniyon su kaɗai ne irin aljabarar nan da ake iya raba kowane abu da kowane abu a cikinsu. Sa'ar da aka ci ita ce kowace bekta da ba sifili ba tana da kishiya, −x/|x|², kuma ita kaɗai ƙwayar Cauchy ke buƙata. Idan kuma ka ce bari ka bi ma'anar dirabatif ta asali, bambanci bisa bambanci yayin da h ke zuwa sifili ta kowace kusurwa, a kwataniyon ba abin da zai tsira sai a + qb. Waɗanda suka fi son su riƙe jerin qⁿ, kamar Gentili da Struppa tun 2006, sun gina wata ka'ida daban da ake duba fankishan yanki-yanki. Tana da amfani a nazarin ofareta, amma fankishan ɗinta ba hamonik ba ne, saboda haka ba ita ce abokiyar Riesz ba.

Cutar da ba ta warkarwa

Kada ka ɗauka Clifford zai buɗe maka manyan matsalolin Fourier a fuskoki da yawa. A kan layi, yanke firikwansi a tsakanin −R da R haɗin juyin Hilbert biyu ne, don haka yana da tarbiyya a Lᵖ. A fili, yankewa da murabba'i ma haka, ana yi ɗaya bayan ɗaya. Amma yankewa da da'ira, wanda shi ne mafi dacewa da hankali, Charles Fefferman ya tabbatar a 1971 cewa ba shi da iyaka a Lᵖ sai idan p = 2. Hujjarsa ta fito ne daga tsarin Besicovitch, inda ake cusa siraran sanduna masu fuskantar kusurwoyi daban-daban a wuri ɗan ƙanƙani, abin da ya samo asali daga tambayar Kakeya ta 1917. Wannan wahala ce ta lanƙwasar da'ira da haɗuwar sanduna, aljabara ba ta taɓa ta. Ko iyakar juye-juyen Riesz a Lᵖ, hanyar Calderón da Zygmund ta 1952 ce ke bayar da ita, da lambobi na gaske zalla, ba tare da holomofik ko monojenik ba. Manyan masu nazarin Fourier da yawa sun yi aikin rayuwarsu ba su rubuta e₁e₂ ba.

Inda Clifford ya yi aikin da ake gani shi ne a gefe mai kaushi. Coifman da McIntosh da Meyer sun tabbatar a 1982 cewa intigiral ɗin Cauchy yana da iyaka a L² a kan kowane layin Lipschitz, wato layi mai iya samun kusurwoyi amma gangarensa ba ya wuce wani haddi. Alan McIntosh a Ostareliya da abokan aikinsa, cikinsu Li da Semmes da Qian, suka kai wannan zuwa farfajiyar Lipschitz a fuskoki da yawa da ƙwayar Cauchy ta Clifford. Daɗin abin shi ne ofaretocin da ake warware matsalar Dirichlet da ta Neumann, wato nemo fankishan hamonik daga bayanan da aka bayar a gefe, da su suna zaune a cikin wannan ƙwaya guda a matsayin ɓangarorinta. Idan mai duba aikinka mutumin lissafi zalla ne, ina kyautata zaton nan yake son ka nufa.

A aikace

Aikina ya fi karkata ga fuska biyu da uku, kuma a can abin da na fi amfana da shi shi ne siginan monojenik da Felsberg da Sommer na jami'ar Kiel a Jamus suka gabatar a 2001: f + iR₁f + jR₂f. Gwada shi da f = cos(k·x). R₁f da R₂f suna ba da sin(k·x) sau k₁/|k| da k₂/|k|. Tsawon kwataniyon ɗin 1 ne a ko'ina, wato ƙarfin igiyar. Kusurwar da ke tsakanin ɓangaren gaske da sauran ita ce matakin kaɗawa. Rabon R₂f da R₁f kuma yana nuna inda zanen ya fuskanta. Ka karkata hoton, amsar ta karkata tare da shi. Ana amfani da shi wajen gano gefen abubuwa a hoton da haskensa bai daidaita ba, kamar hoton na'urar duba ciki.

Idan za ka rubuta shi a Python ko MATLAB, abubuwa uku ne suka fi kayar da ɗalibai a gabana. A ξ = 0 kana raba sifili da sifili, NaN (alamar da kwamfuta ke sa wa abin da ba lamba ba) guda ɗaya a nan kuma zai cinye dukan hoton bayan an juyo, don haka sa wannan gida sifili da hannunka. Sai ka tace hoton ka bar zangon firikwansi guda kafin ka nemi matakin kaɗawa, domin idan igiyoyi manya da ƙanana suna cakuɗe, lambar da za ta fito ba ta nufin komai. Sannan wasu marubuta suna ɗaukar eⱼ² = −1, wasu +1, wasu suna sa 2π a cikin igiya, wasu a waje; zaɓi naka a shafin farko na kundinka, ka gwada kowace ka'ida da ka aro da cos(k·x) kafin ka yarda da alamarta.

Juyin Fourier na kwataniyon kuwa, wanda Todd Ell da Stephen Sangwine suka yi aiki a kansa a shekarun 1990, wani abu ne daban da duk abin da na bayyana. A can ana canza i ɗin da ke cikin igiyar ne, a sa i a hagu da j a dama, ko a sa wata kwataniyon mai tsawon ɗaya wadda ba ta da ɓangaren gaske. Sangwine ya yi amfani da shi ga hoto mai launi, inda ja da kore da shuɗi suke zama ri + gj + bk. Yana tsara lissafi da kyau idan kana son juya launi gaba ɗaya, amma a kwamfuta ana warware shi ne zuwa FFT na yau da kullum, ka'idar kwanbolushan kuma tana ƙara sarƙaƙiya saboda hagu da dama. Idan ka ga takarda tana cewa ya fi na gargajiya, duba ko an gwada shi da FFT uku da aka haɗa da hankali, ko kuwa da mafi raunin hanya aka gwada shi.

Shawarata ita ce ka fara da juye-juyen Riesz da ƙwayar Poisson, wadda ke miƙar da fankishan daga gefe ya zama hamonik a rabin sarari, da lambobi na gaske kawai, har sai ka iya fitar da tsarin Stein da Weiss ba tare da duba littafi ba. Daga nan ka sake rubuta shi da eⱼ, ka ga yadda sharuɗɗan nan masu yawa suka koma layi guda. Sannan ka koma wurin mai duba aikinka da tambaya ɗaya: gefen Lipschitz yake so, ko hotuna, ko jerin qⁿ? Hanyoyi uku ne da ke amfani da haruffa iri ɗaya, kuma shekarun digiri na biyu ba za su ishe ka bin fiye da ɗaya ba.